Fatar da Ba Ta Warkewa: Darasi Kan Shafa wa Dashbod Mai

Gabatarwa

Wata ranar Asabar cikin bazara na kai tsohuwar motata wurin wanki. Da yaron ya gama wanke jikinta, sai ya shiga ciki riƙe da wata kwalba, ya feshe dashbod da wani farin ruwa mai kama da madara, ya bi da tsumma, bai bar ko sitiyari ba. Ya fito yana murmushi, ya ce, "Malam, zo ka gani, ta koma sabuwa fil." Lalle kuwa, gaban motar sai sheƙi yake yi kamar an yi masa wanka da man gyaɗa. Na biya shi har da tukuici, na kama hanya wajen ƙarfe 2 na rana. Da na doshi wani layi mai inuwar itatuwan darbejiya, sai hoton dashbod ya hau gilashin gaba kamar hazo, ya shiga tsakanina da titi. Ban ga wani mai keke da ke cikin inuwar ba sai da na zo dab da shi. Na murɗa sitiyari, ya zame a tafin hannuna. Da ƙyar na kauce masa.

Ba na ganin laifin yaron nan. Abin da masu motoci ke yaba masa a kai shi ya yi, domin yawancinmu mun ɗauka cewa sheƙi shi ne kariya. A wannan darasi za mu duba ko haka abin yake. Za mu ga abin da aka yi dashbod da shi, da abin da ke tsufar da shi, da abin da ke cikin kwalbar man, sa'an nan mu koyi yadda ya kamata a shafa shi. Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan malamin ilmin halittu da gaban mota? Amsa ita ce, dashbod fata ce, kuma matsalar da take fama da ita, halittu masu rai sun daɗe da samun maganinta.

Mene ne Dashbod?

Dashbod shi ne allon da ke gaban direba, a ƙarƙashin gilashin gaba, inda ake samun agogon gudu da na mai da ramukan iska. Sunan ya samo asali ne tun zamanin keken doki a Turai, lokacin da ake kafa wani katako a gaban mai tuƙi don ya tare masa taɓon da kofaton doki ke watsowa. A motocin farko katako ne ko ƙarfe, wanda kan fasa kan mutum in an yi karo. Saboda haka aka soma lulluɓe shi da abu mai laushi, har ya zama doka ga sababbin motoci a Amurka daga 1968.

In aka yanka dashbod mai laushi za a tarar da hawa uku. A can ƙasa akwai ƙashin roba mai tauri. A tsakiya akwai soso irin na katifa. A sama kuma akwai siririyar fata, wadda ita ce idonmu ke gani. Ɗalibin ilmin halittu zai tuna da tsarin jikin mutum: ƙashi, da tsoka da kitse, da fata.

A motoci masu yawa, musamman waɗanda suka kwana biyu, an yi fatar nan da robar da ake kira PVC. Wani masanin sinadarai ɗan Jamus, Eugen Baumann, ya ci karo da ita a 1872, amma taurinta da saurin karyewarta suka sa ba a amfana da ita ba. Sai a 1926 wani Ba'amurke mai suna Waldo Semon, ma'aikacin kamfanin B.F. Goodrich, ya gano hanyar tausasa ta. PVC folima ce, wato doguwar sarƙa ta ƙananan sassa iri ɗaya da aka jera dubbai, kamar duwatsun ado a zare. Sarƙoƙin kan manne wa juna ƙam. Semon ya cusa wani ruwa mai maiƙo a tsakaninsu, sai suka sami damar zamewa a kan juna, kamar yadda mai ke hana dafaffiyar taliya dunƙulewa. Wannan ruwa shi za mu kira sinadarin laushi. Shi ne bambancin bututun ruwa mai tauri da tiyon ban ruwa mai lanƙwasuwa, alhali kuwa duka PVC ne. A roba mai laushi yakan kai kashi ɗaya cikin uku na nauyinta, wani lokaci ma fiye.

Abin lura a nan shi ne, sinadarin laushi ba a ɗaure yake da sarƙoƙin ba. Zama kawai yake yi a tsakaninsu, don haka yana iya fita. Motoci da dama na baya-bayan nan sun koma ga wasu robobin da ba su bukatar irin wannan sinadari, amma su ma rana ba ta ƙyale su ba.

Maƙiya Uku: Haske da Zafi da Ƙura

Maƙiyi na farko haske ne da ido ba ya gani. In hasken rana ya ratsa gilashi mai kusurwa uku yakan rabu zuwa launukan bakan gizo, daga ja zuwa shunayya. A 1800 William Herschel ya ajiye ma'aunin zafi a gefen ja, inda ba a ganin kome, sai ya ga ma'aunin ya hau. Ya gano hasken infared ke nan, mai ɗauke da ɗumi. A 1801 kuma Johann Ritter ya ajiye takarda mai sinadarin azurfa a gefen shunayya, ya ga ta yi baƙi da sauri. Wannan shi ne hasken ultrabayolet.

Ana auna tsawon zangon haske da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Ido yana ganin abin da ke tsakanin nanomita 400 da 700. Ultrabayolet yana ƙasa da 400, kuma an kasa shi uku: A daga 315 zuwa 400, B daga 280 zuwa 315, C daga 100 zuwa 280. Iskar ozon da ke can sama tana tare C gaba ɗaya da mafi yawan B, shi ya sa kusan kashi 95 cikin 100 na wanda ke iso mu nau'in A ne. Ƙa'idar ita ce, iyakar gajartar zango iyakar yawan makamashi. Koren haske mai nanomita 550 yana ɗauke da kilojul wajen 220 a kowane mol, mai nanomita 300 kuwa wajen 400. Ɗaurin da ke tsakanin ƙwayoyin zarrar kabon biyu a cikin sarƙar roba yana tsinkewa da kilojul wajen 350. Ɗalibi ya kwatanta lambobin nan uku da kansa, zai ga dalilin da ya sa hasken da ake gani ba ya iya tsinka sarƙar, ultrabayolet kuwa yana iyawa, musamman a wuraren da take da rauni.

Da zarar ɗauri ya tsinke, sai iskar oksijin ta kama bakin tsinken, ta haifar da wasu ɓarɓashi masu zafin nama da ke afka wa sarƙoƙin da ke kusa. Haka ɓarnar za ta yi ta yaɗuwa kamar wutar daji. Launi ya koɗe, fuskar robar ta yi gari-gari, ƙarfinta ya ragu. Wanda ya taɓa ganin bokitin roba da ya shekara a tsakar gida ya san ƙarshen labarin.

Sai dai akwai wani abin da masu tallar man dashbod ba su cika faɗa ba. Gilashin gaban mota falle biyu ne da aka manne da siririyar roba a tsakani, dabarar da wani Bafaranshe, Édouard Bénédictus, ya yi wa rajista a 1909 don hana gilashi tarwatsewa. Wannan roba ta tsakiya tana shanye kusan dukkan ultrabayolet. Gilasan gefe, waɗanda galibi falle ɗaya ne, suna tare B amma suna barin wani kaso na A ya wuce. Ashe ke nan dashbod yana da laima tun daga masana'anta, ko da yake ba cikakkiya ba ce. Wannan ya kai mu ga maƙiyi na biyu, wanda ya fi na farko ɓarna a ƙasa irin tamu.

Hasken da ake gani yana ratsa gilashi ba tare da wahala ba. Baƙin dashbod ya shanye shi, ya mai da shi zafi. Zafin ya nemi fita a matsayin infared, gilashi ya tare mafi yawansa, iskar da ta ɗumama kuma ba ta da mafita. Wani bincike da aka yi a Kalifoniya, aka buga a 2005, ya nuna cewa cikin awa ɗaya zafin cikin mota yakan ƙaru da digiri 22 na ma'aunin santigiret a matsakaici, kashi 80 cikin 100 na ƙarin a rabin awar farko, kuma ɗan sassauta gilashi bai kawo wani sauƙi na a zo a gani ba. Wani binciken da aka yi a Arizona, aka buga a 2018, ya auna motoci a ranakun da zafin waje ya haura digiri 38. Bayan awa ɗaya a rana, iskar ciki ta kai digiri 47, sitiyari 53, dashbod kuwa 69. A motocin da aka ajiye a inuwa, dashbod ya tsaya a 48. Don a gane girman lambar, farin ƙwai yana soma daskarewa ne a wajen digiri 62. Mu tuna kuma cewa a Sakkwato da Maiduguri da Kano zafin watan Afrilu yakan wuce digiri 40.

Zafi yana ɓarna ta hanya uku. Da farko, yana korar sinadarin laushi, ya tashi kamar tururi, ya sauka a cikin gilashi. Yana daga cikin abubuwan da ke haddasa danƙon nan mai kama da hazo da ke dawowa ko an goge. Na biyu, yana hanzarta aikin oksijin. Ɗaliban ilmin halittu sun san ƙa'idar nan ta cewa ƙarin digiri 10 yakan kusan ninka saurin aikin sinadarai. Tsakanin 48 da 69 akwai digiri 21, wato ninki biyu sau biyu. A ƙiyasce, dashbod da ke rana yana tsufa sau huɗu fiye da wanda ke inuwa. Na uku, fatar tana buɗewa da rana, ta tsuke da dare, kullum ta duniya. Muddin tana da laushi za ta jure. Ran da ta bushe, sai ta tsage, yawanci daga bakin ramukan iska, tamkar fason da ke kama diddige da hunturu.

A nan ya zama dole in ɗan ratse. Zafin da ke tsaga roba cikin shekaru yana kashe yaro cikin ƙanƙanen lokaci, domin jikin yaro yana ɗaukar zafi sau 3 zuwa 5 fiye da na babba. Kada a bar yaro a rufaffiyar mota, ko da na minti kaɗan ne.

Maƙiyi na uku ƙura ce. Kaso mai yawa na hazon hunturu yana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin Cadi, inda a dā wani makeken tafki ya kwanta. Ƙasar wurin cike take da ɓawon diyatom, wasu ƙananan halittun ruwa masu ƙwayar halitta guda, waɗanda ke gina ɓawonsu da silika, wato sinadarin yashi da gilashi. Ƙurar ta haɗu da ɓarɓashin yashin hanya, wanda ya fi roba tauri nesa ba kusa ba. Duk wanda ya dirje dashbod mai ƙura da busasshen tsumma, kankare shi yake yi bai sani ba.

Yadda Halittu Suke Kare Kansu

Fatar mutum tana fama da waɗannan maƙiya uku, kuma tana da makamai uku. Tana da launin melanin, wanda ke shanye ultrabayolet kafin ya isa ga ƙwayoyin halittar da ke ƙasa. Tana da ƙananan jakunkuna masu fitar da maiƙo don rage bushewa, in kuma hunturu ya tsananta mukan taimaka mata da man kaɗanya. Uwa uba, tana sabunta kanta: sababbin ƙwayoyi suna tasowa daga ƙasa, tsofaffi suna zubewa, cikin kimanin mako huɗu.

Tsirrai ma haka. In aka murza ganyen tumfafiya za a ga wani farin gari a yatsa. Kakin zuma ne irin na tsiro, mai rage fitar ruwa da mai da wani kaso na haske baya. A ƙarƙashinsa kuma ƙwayoyin fatar ganye suna ɗauke da sinadarai masu shanye ultrabayolet. Akwai wani gigin arewa maso gabashin Burazil mai suna karnauba, wanda kakin ganyensa ba ya narkewa sai zafi ya wuce digiri 80, kuma da shi ake haɗa man goge fentin mota. Ko dorina ba a bar ta a baya ba. A 2004 wasu masana daga Japan sun nuna cewa jan ruwan da ke tsattsafowa daga fatarta yana shanye ultrabayolet, yana kuma hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa.

Masu ƙera mota sun kwaikwayi makami na farko. Tun a masana'anta suke cuɗa robar da baƙin kabon da wasu sinadarai masu shanye haske ko masu kama ɓarɓashin nan da muka ambata. Man dashbod kwaikwayon makami na biyu ne. Na uku kuwa ya gagara. Ganye yana ƙara kaki, fata tana warkar da rauninta, amma dashbod ba shi da rai. Abin da ya rasa ya rasa ke nan har abada.

Abin da Ke Cikin Kwalbar

Man dashbod, wanda masu wanki ke kira folish, iri biyu ne. Akwai mai ruwa, fari kamar madara. Kamannin ba banza ba ne, domin madara ƙananan ɗigon kitse ne da ke yawo cikin ruwa, wannan kuwa ɗigon man silikon ne cikin ruwa, tare da wani dangin sabulu da ke hana su rabuwa. In an shafa, ruwan ya bushe, silikon ya zauna. Akwai kuma wanda aka narkar da silikon ɗinsa cikin dangin man fetur. Shi garai-garai yake, ga wari, ga tsananin sheƙi.

Silikon ma folima ce, wadda wani Bature ɗan Ingila, Frederic Kipping, ya raɗa wa suna a 1901. Ƙashin bayan sarƙarta an gina shi ne da ƙwayoyin zarrar da ake rubutawa Si da O, su ne dai waɗanda suka haɗu suka yi yashi. Ɗaurinsu ya kai kilojul wajen 450, ya fi na kabon ƙarfi, don haka silikon yana jure zafi da haske, ba ya kuma cin roba. Abin tsoro a iri na biyu shi ne ruwan da aka narkar da shi a ciki, domin dangin fetur suna iya narkar da sinadarin laushi su jawo shi waje. Saboda haka mai ruwa ya fi dacewa da cikin mota.

Me man ke iya yi? Yana cike ƙananan ƙarce, sai launi ya fito, kamar yadda dutse ke ƙara duhu in ya jiƙe. Yana hana datti kamawa, ya sauƙaƙa gogewa. In an sa masa sinadarin shanye ultrabayolet, yana ƙara 'yar kariya. Me ba ya iya yi? Ba ya rage zafin dashbod, ba ya ɗinke tsaga, ba ya mai da sarƙar da ta tsinke, kuma shi kansa yana gushewa cikin 'yan makonni.

Saura batun sheƙi. Masu ƙera mota da gangan suke yin dashbod da duhun launi da fuska mai gurza-gurza kamar fatar akuya da aka jeme. Irin wannan fuska tana warwatsa haske ta ko'ina. In mai ya cike ramukan ya kwanta sumul, sai ta koma kamar madubi, ta tura haske gefe guda da ƙarfi zuwa gilashi. Gilashi kuwa yana mai da wajen kashi 4 cikin 100 na hasken da ya faɗa masa kai tsaye a kowace fuska, fiye da haka in a karkace ya zo, kuma gilashin gaban mota a karkace yake. Wannan haske shi ke shiga idon direba ya dushe masa abin da ke cikin inuwa. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa guda. Daƙiƙa biyu na rashin gani sun isa. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Yadda Ake Shafawa

1. A ajiye mota a inuwa, a buɗe ƙofofi, a bari dashbod ya huce. A kan roba mai zafi man yakan bushe kafin a baza shi, ya bar zane-zane.

2. A ɗauke ƙura ba tare da dirza ba. A yi amfani da buroshi mai laushi a ramukan iska da lunguna, in da hali a haɗa da injin zuƙar ƙura.

3. A jiƙa tsumma mai laushi da ruwa mai ɗigon sabulun ruwa kaɗan, a matse shi sosai, a goge. A bi da wani tsumman mai ruwa zalla, sa'an nan a tsane. Garin sabulun wanki ya yi kaifi, yana barin farin tabo. Kada ruwa ya zurara cikin maɓallai. Wannan mataki ya fi shafa man kansa muhimmanci, domin mai a kan datti taɓo ne.

4. A karanta bayanin da ke jikin kwalba, a zaɓi wanda ba ya sheƙi, a gwada shi a wani ɓoyayyen lungu tukuna.

5. A zuba man a kan soso ko tsumma, a wajen mota. Kada a fesa kai tsaye, don feshin yana sauka a gilashi, inda silikon ke da wuyar fita, yana kuma shiga maɓallan lantarki.

6. A shafa siriri, sashe bayan sashe, a ba shi 'yan mintoci.

7. A bi da busasshen tsumma mai tsabta a kwashe rarar. Alamar an gama ita ce, in an shafa yatsa ba za a ji maiƙo ba. Rarar da aka bari ƙura take kamawa.

8. A ƙarshe a goge cikin gilashi da wani tsumma dabam da bai taɓa man ba.

Ba kowane wanki ne ke bukatar mai ba. Gogewa da danshin tsumma a kowane mako ta wadatar, man kuwa sai bayan wata ɗaya ko biyu.

Hattara

Duk inda hannu ko ƙafa ke riƙewa, mai bai da wuri: sitiyari, da kan giya, da birkin hannu, da robar totur da birki da kuloci, da shimfiɗar ƙafar direba. Masu babur su ma su kiyaye sirdi da maƙamar hannu. Haka kuma ba a shafa shi a murfin agogon gudu ko a allon lantarki, don yana dusashe su. Kujerar fata ta gaske tana da nata man dabam.

Na sha ganin ana goge cikin mota da fetur ko kananzir, ana kuma sa masa sheƙi da man birki ko man girki. Fetur da kananzir suna busar da roba, ga haɗarin gobara, ga tururin da ke cutar da huhu a rufaffen wuri. Man birki yana cin fenti. Man girki yana yin ɗoyi da danƙo in ya sha zafi. Wasu mayukan korar sauro ma suna narkar da roba, don haka a wanke hannu kafin a taɓa.

Akwai kuma jakar iska. A motoci masu yawa tana ɓoye cikin dashbod a gaban fasinja, kuma an raunana fatar wurin daga ciki don ta yage a daidai inda ake so. Jakar tana cika cikin ƙasa da kashi 1 cikin 20 na daƙiƙa. Sinadari mai kaifi yana iya sauya ƙarfin murfin, shi ya sa littattafan jagorar mota ke hana amfani da shi a wurin. Dardumar da ake mannawa a rufe wurin tana iya tare jakar, kwalbar turaren da aka ɗora a kai kuma ta zama harsashi.

Gwaje-gwaje Don Aji

Gwaji na farko: a sami kwali biyu masu girma ɗaya, a shimfiɗa baƙar leda irin ta kujera a cikin kowane, a sa ma'aunin zafi mai kai wa digiri 100, a rufe da gilashi. A ajiye su a rana, a lulluɓe gilashin ɗaya da farar takarda. A rubuta zafin kowane bayan minti 10, har awa guda, a zana jadawali.

Gwaji na biyu: a yanka ledar kujera gida 12, a kasa su rukuni huɗu. Rukunin farko a bar shi haka nan a rana. Na biyu a shafa masa man dashbod kowane wata, na uku a goge shi da kananzir kowane mako a fili nesa da wuta, duka a rana. Na huɗu a ajiye shi cikin akwati a inuwa. A ƙarshen zangon karatu a lanƙwasa kowane, a kwatanta laushi da launi. Malami ya tambayi ɗalibai amfanin rukunin farko, da dalilin sa uku-uku maimakon ɗaya-ɗaya.

Gwaji na uku: a riƙe fallen gilashi a karkace bisa baƙar takarda a rana, a dubi wani abu da ke inuwa ta cikinsa. A ɗora leda mai ƙyalli a kan takardar, a sake dubawa.

Kammalawa

Mun ga cewa dashbod fata ce marar rai, wadda zafi da haske da ƙura ke ci a hankali. Man kariya yana da amfani in an shafa shi siriri a kan fuska mai tsabta, aka kuma goge har sheƙi ya kwanta. Amma lissafinmu ya nuna cewa babban magani ba a kwalba yake ba. Inuwar bishiya, ko rumfa, ko farin kwalin da ake tokarawa a cikin gilashi in an ajiye mota, sun fi kowane mai rage ɓarna, kuma kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Rigakafi ya fi magani, balle ga ciwon da ba shi da magani. Ɗalibai da yawa suna wanke motocin iyayensu, wasu ma da wankin mota suke biyan kuɗin makaranta. Na koma wurin yaron nan bayan mako biyu, muka yi gwaji na uku tare da fallen gilashin taga. Tun daga ranar, a kan tsumma yake zuba man, kuma ba ya kusantar sitiyari da shi.

Tambayoyi

1. Me ya bambanta bututun ruwa da tiyo, alhali duka PVC ne?

2. In dashbod ɗaya yana digiri 40, wani yana 70, sau nawa na biyun zai fi saurin tsufa bisa ƙa'idar digiri 10?

3. Kawo hanyoyi uku da fatar mutum ke kare kanta. Wacce ce roba ba ta da ita?

4. Bayyana dalilin da ya sa dashbod mai sheƙi ya fi haɗari sa'ad da direba ke duban wuri mai inuwa.

5. Mota tana gudun kilomita 90 a awa. Mita nawa za ta ci in direba ya rasa gani na daƙiƙa biyu?